Karatun hutun damina a ƙasar waje: wane tallafi ne zai kai ka ya dawo da kai?

Wata Juma'a bayan la'asar ɗiyar ƙanwata ta yi sallama gidana a Yamai, ko ruwa ba ta sha ba ta miƙo mini waya. "Kawu, don Allah duba mini waɗannan, kaina ya ɗaure." Daga Tawa ta zo karatu, tana shekara ta biyu ta lisans, kuma ta ɗaura niyyar cewa babban hutun bana ba za ta ƙare shi tsakanin turmi da murhu ba. Sanarwa huɗu ta tara, uku daga rukunin WhatsApp na ƴan ajinsu, ɗaya kuma hotonta ta ɗauko a allon tsangayarsu. Kowace tana alkawarin wata ɗaya ko biyu a ƙasar waje, kowace kuma ta ce an ɗauki nauyin komai.

Na ce mata, "Ɗiyata, zauna tukuna. Mu ajiye maganar nawa za su bayar. Yaushe kuɗin za su shigo hannunki, kuma me za ki dawo ki tarar a makaranta?" Sai da aka kira magariba muna lissafi a bayan wata tsohuwar takardar kuɗin wuta. Abin da muka fitar ne na shimfiɗa a nan, har da abin da na ƙara bincika daga baya, don na san ba ita kaɗai ce ke tsaye a wannan mararraba ba. A lura, abin da takardun nan ke kira karatun lokacin zafi, wato Yuni zuwa Agusta a Turai da Amurka, a wurinmu damina ce tsundum.

Tiyar da za mu auna da ita

Na farko cancanta. Kusan duk tallafin irin wannan tafiya na ɗalibin da ke da rajista ne, wanda kuma zai dawo ya ci gaba da karatu. Wanda ya riga ya kare kundinsa ya karɓi shaidar kammalawa, galibin ƙofofin nan sun rufe masa, ko da makinsa ya fi na kowa.

Na biyu, abin da ake biya da ranar da ake biya. A nan mutane ke faɗawa rami. Tallafi da yawa sai ka sauka can ake danƙa maka, alhali fasfo, tikitin jirgi, inshora da kuɗin zirga-zirgar biza duk tun Maris ko Afrilu ake neman su. Uban yarinyar nan manomin albasa ne a wajen Galmi, kuma kowa ya san a waɗannan watanni albasa ta cika kasuwa, buhu ba ya da daraja. In ya sayar a lokacin don a yanki tikiti, ya yi asarar ribar da zai samu da ya adana.

Na uku, me zai rage maka bayan ka dawo. A tsarin LMD (lisans, masta, digiri na uku) da jami'o'inmu ke bi, da kiredi ake auna nauyin darussan da ka ci: kowane zango kiredi 30 ne, shekara 60. Akwai tafiyar da ake zuba kiredinta a cikin takardar makinka, akwai wadda za ka dawo da takarda mai ado ka rataya a bango kawai.

Na huɗu biza da hanya. Na biyar, wanda ba ya cikin kowace sanarwa don masu rubuta ta ba su san da shi ba: kalandarmu. A takarda shekarar karatu daga Oktoba take farawa ta ƙare kafin damina ta yi nisa. A zahiri yajin aiki, yau na malamai gobe na ɗalibai, yakan sa shekara ta hau kan shekara. Na san wani yaro da ya samu gurbi na mako huɗu, ya tafi da murna, jarrabawar zagaye na biyu ta faɗo a mako na uku. Ya dawo da hotuna masu kyau da shekarar da sai ya maimaita. Saboda haka kafin ka cika kowace takarda, je wurin shugaban sashenku ka ji ranakun jarrabawa, in da hali a rubuce.

Na ƙarshe, me zai biyo baya in ka fasa ko ka dawo kafin lokaci. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Hanyar da ke bi ta jami'arka: Erasmus+

Wannan shiri na Tarayyar Turai tun 1987 yake, amma sai a 2015 aka buɗe musayar ɗalibansa ga sauran ƙasashen duniya. Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne ɗalibi ba ya nemansa da kansa a intanet. Sai jami'arka, ko Abdou Moumouni ce ko Djibo Hamani ta Tawa ko wata, tana da yarjejeniya a rubuce da wata jami'ar Turai, kuma yarjejeniyar ta shafi fanninka. Jami'ar taka ce ke tallata guraben, ita ke tace ɗalibai. Kuɗin kowace yarjejeniya na wata 24 ne ko 36, sannan ya ƙare. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 dangantaka da Turai ta yi sanyi, don haka tambayar da za ka kai ofishin hulɗa da waje na jami'arku ita ce: wace yarjejeniya ce ke raye yanzu, kuma guraben ɗalibai nawa suka rage a cikinta?

Tafiyar iri biyu ce. Doguwar daga wata 2 zuwa 12, ana biyan yuro 800 zuwa 900 a wata gwargwadon tsadar ƙasar. Wannan ta wuce hutu, zango guda ce. Gajeruwar ita ta dace da damina: kwana 5 zuwa 30 a can, haɗe da wani ɓangare na darasi ta intanet wanda wajibi ne ga ɗan lisans da ɗan masta, kuma dole ta ba da aƙalla kiredi 3. A jadawalin 2024 ana biyan yuro 79 kowace rana har kwana 14, daga nan yuro 56 har kwana na 30. Tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kuma wannan canji ba ya motsi, mako uku ya kama yuro 1,498, wajen jika 980. Kuɗin hanya da nisa ake auna shi, ba da farashin tikiti ba: tsakanin kilomita 3,000 da 3,999, inda arewacin Sifaniya da galibin Italiya suka faɗa daga Yamai, yuro 580 ne, wajen jika 380. Daga kilomita 4,000 zuwa 7,999, kamar arewacin Jamus, yuro 1,188. In tikitinka ya fi haka tsada, kuma a watan Yuli yakan fi, cikon naka ne.

Abin da ya sa na ɗora wannan hanya a sama shi ne takardar yarjejeniyar karatu da ake sa wa hannu kafin tafiya. Mutum uku ke sa hannu: kai, jami'arka, da mai masaukinka. A ciki aka jera darussan da za ka yi da abin da za su maye a gida. Jami'ar da ta karɓe ka ba ta da damar cajin ka kuɗin karatu ko na jarrabawa, kuma ƙa'idar shirin ta ce tallafin da kake samu a ƙasarka ba a yanke shi don ka tafi. Kada ka hau jirgi in ba a sa wannan hannu ba, ko da wani babba ya ce maka "je ka, in ka dawo ma gyara".

Raunin hanyar biyu ne. Guraben kaɗan ne ƙwarai, wani lokaci biyu ko uku ga sashe guda, kuma sau da yawa ƴan masta da masu digiri na uku ake fifitawa. Sannan kuɗin: ana ba da kashi 70 cikin 100 ko fiye a farko, galibi bayan ka isa, ragowar kuma sai ka cika rahoton ƙarshe. Wanda ya ƙi cika rahoton ko ya gudo ba da hujja ba, ana iya ce masa ya mayar da abin da ya karɓa.

Hanyar ƙasar da za ka: kwasa-kwasan DAAD a Jamus

Hukumar DAAD, wadda ke musayar ɗalibai tun 1925, tana da tallafi na musamman don kwasa-kwasan harshe da al'adun Jamus da jami'o'insu ke shiryawa daga Yuni. A nan kai ke nema da kanka a shafinsu, ba sai jami'arka tana da yarjejeniya da kowa ba. Wannan sauƙi ne babba ga ɗan Tawa da jami'arsa, wadda aka kafa a 2010, ba ta tara abokan hulɗa kamar ta Yamai ba. Kowace shekara suna fitar da jerin ƙasashen da aka buɗe wa, sai ka fara ganin sunan Nijar a na wannan shekara kafin ka kashe ko dala.

Sharuɗɗan: shekara 18 aƙalla, ɗan lisans ya kasance ya kammala shekara biyu ta karatu kafin kwas ya fara, yana da rajista, ya kuma kawo shaidar cewa ya riga ya yi nisa a Jamusanci, irin ta jarrabawar onSET ko ta Goethe. Da Jamusanci ake koyarwa daga safiyar farko, ba wurin koyon gaisuwa ba ne. Kwas ɗin aƙalla kwana 18 ne na darasi, awa 25 a mako. Ana rufe karɓar takardu wajen farkon Disamba, wato wata bakwai kafin tafiya. Ɗiyar tawa ta ji haka ta ce, "Ashe na bana ya wuce ni, Kawu." Na ce ya wuce, ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar "shekara biyu" ma akwai tarko. Kana iya shekara uku kana shiga aji, amma relebe ɗinka, wato takardar makin da ofishin rajista ke bayarwa, zango uku kawai ya nuna saboda ba a fitar da sakamako ba. Su takarda suke karantawa.

Kuɗin dunƙule ne sau ɗaya, ya ɗan haura yuro 1,100, da ƙarin kuɗin hanya gwargwadon ƙasa, da inshorar lafiya. Amma kuɗin kwas da na ɗaki daga ciki ake cirewa a miƙa wa jami'ar kai tsaye, abin da ya rage shi ake ba ka in ka sauka. Ma'ana tikitin Royal Air Maroc ta Kasabalanka ko na Turkish Airlines ta Istanbul daga aljihun gida zai fara fitowa. Kiredi kuwa ba tabbas, tunda ba yarjejeniya da jami'arka, sai in sashenku ya ga dama. Ribar da ke ɗorewa a nan ita ce harshen, da kuma sunanka da ya shiga rajistarsu in ka tashi neman tallafin masta.

Biza, tunda ta shafi hanyoyin nan biyu

Duk tafiyar da ba ta wuce kwana 90 ba bizar Shengen ce, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai. Kuɗinta yuro 90 ne tun Yunin 2024, amma dokarta ta ɗauke wa ɗalibin da zai je karatu wannan kuɗi, sai dai in akwai na kamfanin da ke karɓar takardu. Ana neman inshorar da ta kai yuro 30,000, da fasfon da ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, mai shafi biyu fanko. Ana iya ajiye dosiye tun wata shida kafin tafiya. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma suna da damar ja har kwana 45.

Da, ofishin jakadancin Faransa ne ke ɗauke da mafi yawan wannan aiki a Yamai. An rufe shi a farkon Janairun 2024, Air France kuma ta daina sauka tun Agustan 2023. Shi ya sa ban sa Faransa a cikin wannan awo ba. Ga sauran ƙasashe, tambayi ofishin jakadancinsu tun da wuri inda ake ajiye dosiye. In suka ce sai a wani babban birnin maƙwabta, ƙara kuɗin mota, masauki da abincin kwanaki a lissafinka, don babu tallafin da ya tabbatar maka da su. Ɗan Tawa kuma ya tuna kilomita 550 da ke tsakaninsa da Yamai ta Ƙonni, Dogon Dutse da Doso, sau nawa zai yi ta kafin takardu su haɗu. Abin da mai duba dosiye ke son gani shi ne dalilin da zai dawo da kai. Shaidar rajistar shekarar da ke tafe ta fi kowace wasiƙar roƙo ƙarfi.

Shirye-shiryen gwamnatin Amurka

A takarda babu kamarsu. SUSI na shugabannin ɗalibai wajen mako biyar ne, ga masu shekara 18 zuwa 25 da ya rage musu aƙalla zango guda, ofishin jakadanci ke zaɓa. Na Mandela Washington, da aka fara a 2014, mako shida ne ga masu shekara 25 zuwa 35. Su ke yankar tikiti, su ba da ɗaki da abinci, ba ka fitar da komai. Ba sa ba da kiredi, kuma bizar tana ɗauke da sharaɗin ka koma gida shekara biyu kafin ka nemi wasu nau'o'in bizar zama ko aiki. Sai dai a Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da aikin biza na yau da kullum, a Disamban 2025 kuma aka saka Nijar cikin ƙasashen da aka hana ƴan ƙasarsu shiga. Muddin haka ta ci gaba, kada mai fasfon Nijar ya ɗora daminarsa a kan wannan.

Ɗan da ke karatu a jami'ar Amurka

Wannan sashe na iyayen da ƴaƴansu ke can ne. Ƙanena da ke Greensboro ya kira ni bara, ya ce, "Yaya, yaron nan ya ce zai je Maroko wata biyu, wai makaranta za ta biya. Gaskiya ne?" Gaskiya ne, amma da igiyoyi.

Tallafin gwamnatin tarayya, wanda ake nema da takardar FAFSA, na ɗan ƙasa ne da mai katin zama na dindindin da ƴan wasu rukunoni. Ɗalibin da ya shiga da bizar karatu ta F-1 ba ya ciki. Shi ma in bizarsa ta ƙare yana waje, da wannan hani da ake ciki, komawarsa ta zama abin tsoro. Shawarata gare shi ya zauna inda yake.

Ga wanda ya cancanta, tallafin Pell mafi yawa dala 7,395 ne a shekara, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Tun 2017 ana iya karɓar har kashi 150 cikin 100 na rabon shekara in an yi karatu a lokacin hutu, wato wajen dala 11,000 ga mai cikakken rabo. Amma abin da aka ci a hutu ana cire shi daga jimillar zango 12 da aka yanka wa mutum duk rayuwarsa. Bashin gwamnati kuwa sai ɗalibi ya ɗauki aƙalla rabin nauyin karatu, galibi kiredi 6, kuma yana da rufi: dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 daga ta uku, ga wanda ke ƙarƙashin iyaye. A jami'o'i da yawa hutun wutsiyar shekarar da ta gabata ne, in yaro ya cinye rabonsa a zango biyun farko, ba abin da ya saura. Tallafin da jami'a ke bayarwa daga asusunta ma galibi zangunan karatu na yau da kullum yake rufewa, sai an nemi na hutu daban da wata takarda.

Sauran sharuɗɗan: jami'arsa ta amince da shirin, kiredin ya shiga cikin digirinsa, in wata makaranta ce ke gudanarwa a sa hannu kan yarjejeniya tsakanin ofisoshin tallafin biyu. Makinsa kada ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya, galibi 2.0 cikin 4 da cin kashi biyu cikin uku na darussan da ya ɗauka. Doka ba ta bari a saki kuɗin sai ana saura kwana 10 a fara darasi, alhali kuɗin kama gurbi da tikiti tun watanni aka biya. In ya janye kafin ya cika kashi 60 cikin 100 na lokacin, ana lissafa abin da zai mayar.

Akwai kuma tallafin Gilman, har dala 5,000, ana nema a Oktoba da Maris. Na ɗan ƙasar Amurka ne kaɗai mai karɓar Pell, mai katin zama ba ya ciki. Kuma sai wurin da ma'aikatar harkokin wajensu ta sa a mataki na 1 ko na 2 na gargaɗin tafiya. Nijar ba ta cikin waɗannan biyun, don haka mafarkin ƙanena na yaro ya zo gida karatu da kuɗin Gilman ya ga dangi bai yiwu ba.

Aljihunka: Akra ko Sakkwato

Wannan ita ce hanyar da mafi yawan yaranmu ke bi a zahiri, wata biyu ko uku na koyon Ingilishi. Hukumar ANAB ita ke raba burs, wato tallafin karatu na gwamnatinmu, ta hannunta kuma guraben Maroko da Aljeriya ke bi, amma waɗannan na cikakken digiri ne, ba na hutu ba. Abin da ɗalibi ke iyawa shi ne ya tara daga burs ɗinsa, ya haɗa da adashin uwa da abin da kawu ko yaya ya turo ta Nita ko Amana. Burs kashi-kashi take zuwa, kada ka yi wa makarantar can alkawarin rana a kanta.

Ba mai tace ka, ba biza. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin ƴan Nijar da Mali da Burkina Faso su shiga su fita ba biza har sai an sake sanarwa. Riƙe katin rigakafin shawara, ana tambayarsa a iyaka. Kai ke zaɓar ranar tafiya, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai kalanda irin tamu: ka gama jarrabawa ranar Alhamis ka hau mota Asabar.

Haɗarin a hanya yake da kuma zaɓen makaranta. Hanyar Torodi zuwa Fada N'Gourma ba ta da tsaro, gadar Gaya kuma tun 2023 take rufe, fasinja na tsallaka kogi a kwale-kwale zuwa Malanbil, ga shi damina ruwa ya cika. Jirgin ASKY ta Lome ya fi kwanciyar hankali, ya kuma ninka kuɗi. Makarantun harshe a Akra kuwa akwai na ƙwarai, akwai ɗaki biyu da allo. Kada ka biya kuɗin wata uku daga nan. Biya na wata ɗaya, ka shiga aji ka gani. Kiredi babu, sai dai in ka rufe tafiyar da jarrabawar da duniya ta sani, TOEFL ko IELTS, wadda sakamakonta ke aiki shekara biyu.

Ga ɗan Tawa, Sakkwato ta Ƙonni da Illela kusa take, an sake buɗe iyakar tun Maris 2024, kuɗin mota da na abinci duk da sauƙi. Matsalar ɗaya ce, kuma ita ce ke kashe tafiyar: daga mai shayi har mai gidan haya Hausa za su yi maka. Akra ma in ka sauka Nima ka kama ɗaki da ƴan Nijar uku da ɗan Kodebuwa ɗaya, za ka dawo Faransancinka ya ƙaru.

| Hanya | Wa ya cancanta | Abin da ake biya | Yaushe kuɗi ke zuwa | Kiredi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Erasmus+, gajeruwar tafiya | Ɗalibin jami'a mai yarjejeniya | Yuro 79 sannan 56 a rana, da kuɗin hanya | Galibi bayan isa, ciko bayan rahoto | Akwai, aƙalla 3 | Ƙarancin gurbi, biza |
| Kwas ɗin DAAD | Mai shekara biyu a jami'a, mai jin Jamusanci | Sama da yuro 1,100, hanya, inshora | Ragowa bayan isa | Ba tabbas | Wuce ranar rufewa, biza |
| SUSI da Mandela | 18 zuwa 25, ko 25 zuwa 35 | Komai | Su ke biya kai tsaye | Babu | Hanin shiga Amurka |
| Tallafin jami'ar Amurka | Ɗan ƙasa ko mai katin zama | Pell, bashi, Gilman ga ɗan ƙasa | Ana saura kwana 10 ko bayan haka | Akwai | Rabon shekara ya ƙare, mayar da kuɗi |
| Akra ko Sakkwato | Kowa | Ba komai | Naka ne tun farko | Babu | Hanya, makarantar bogi |

Uku daga cikin sanarwar da ɗiyata ta kawo ba su shiga wannan jadawali ba, don kowace ta nemi a tura "kuɗin buɗe dosiye" zuwa lambar wayar wani mutum. Erasmus+, DAAD, Gilman da shirye-shiryen ofishin jakadanci ba ɗaya da ke karɓar ko tamma don ka nema.

Wa ya kamata ya bi wace

In kana masta ko digiri na uku, makinka na da kyau, kuma gida za su iya ranta maka kuɗin tikiti na wata uku, bi Erasmus+. Je ofishin da ƙafarka tun Oktoba, zuwa da kai ya fi saƙo, ka kuma sanar da malamin da ke duba kundinka, don sau da yawa ta hannun malamai labarin gurbi ke fara fitowa.

In kana jin Jamusanci, ko kana da niyyar masta a Jamus, DAAD taka ce, amma aikinta na Oktoba da Nuwamba ne: jarrabawar harshe, relebe, wasiƙar dalili. Wanda bai fara harshen ba ya ba kansa shekara guda.

Iyayen da ɗansu ke da fasfon Amurka ko katin zama, ku sa shi ya tambayi ofishin tallafi tun Janairu abu biyu a rubuce: nawa ya rage daga rabon bana, kuma wace rana za a saki kuɗin. In amsar ita ce bashi kawai ya rage, ni dai ba zan ci bashi don mako shida ba, sai in kiredin zai rage masa zango guda.

Wanda har yanzu bai san ranar jarrabawarsa ba, ko shekararsa ta hau kan wata, ya bar Turai bana. Akra ta fi masa, in da kuɗin jirgi. In babu, Sakkwato ko Kano da sharaɗin ya samu aji mai tsanani da wanda zai hana shi Hausa daga safe zuwa azahar.

Ɗiyar tawa a rukunin ƙarshen nan ta faɗa. Shugaban sashensu ya ce mata jarrabawar zango na huɗu ba za ta wuce Yuli ba, amma bai yarda ya faɗi rana ba. Mun tsayar da cewa za ta yi Agusta da Satumba a Akra in uban ya sayar da albasar da ya adana, ta sauka gidan wata ƙawar uwarta da ƴaƴanta ba sa jin Hausa sosai. Ranar Litinin kuma za ta tsallaka gadar Kennedy ta je neman relebe ɗinta na zango uku, don a ofishin hulɗa da waje sun ce mata shi za su fara tambaya in gurbi ya fito.